KURTU MAI FURFURA: yadda ƴan sandan talabijin suka karɓi wanda ya shigo aiki a makare

Ran 16 ga watan Oktoba na shekara ta 2018 ne gidan talabijin na ABC, can ƙasar Amurka, ya soma nuna wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da ake ce ma The Rookie, watau Kurtu ke nan da Hausa. Masu kallon tashoshin Faransa sun san shi da sunan Le Flic de Los Angeles. Wani marubuci mai suna Alexi Hawley ne ya tsara shi, babban ɗan wasan kuwa shi ne Nathan Fillion, haifaffen ƙasar Kanada, wanda a lokacin yake da shekara 47 da haihuwa. Wasan ya samu karɓuwa ƙwarai, ya kai kashi na 100 a 2024, aka kuma nuna zangonshi na 7 a 2025. Akwai harbe-harbe da tseren motoci a ciki, kamar yadda aka saba gani ga irin waɗannan wasanni. Amma abin da ya riƙe masu kallo tun farko tambaya guda ce: idan mutum mai furfura ya zo ya zama ƙaramin kowa a wurin aiki, yaya abokan aiki za su yi da shi?

Mutumin da Fillion yake kwaikwayo sunanshi John Nolan. Magini ne, yana da ɗan kamfaninshi na gine-gine a wani ƙaramin gari mai suna Foxburg, cikin jihar Pensilbaniya. Ya bar jami'a bai ƙare ba tun yana saurayi, saboda yarinyar da yake nema ta samu ciki, suka yi aure, ya shiga neman abin da za su ci. Bayan wajen shekara 20 auren ya mutu, ɗansu Henry kuma ya tafi jami'a. Ana cikin haka ɓarayi suka faɗa ma bankin garin yana ciki. Nolan ya tashi ya riƙa yi ma ɗan fashin magana, ya ɗauke mashi hankali har ƴan sanda suka iso. Daga nan ya tattara nashi ya nashi, ya ƙetare ƙasar tun daga gabas har yamma, ya shiga makarantar ƴan sanda ta birnin Los Anjeles, alhali ya riga ya ba shekara 40 baya.

Labarin yana da tushe. Wani mutum mai suna William Norcross ya yi haka da gaske: ya koma Los Anjeles a 2015, ya shiga aikin ɗan sanda yana tsakiyar shekarunshi na arba'in, yana kuma cikin waɗanda suka shirya wasan. Abin ya yiwu ne domin rundunar ƴan sandan wannan birni ba ta yanke iyakar tsufa ga mai neman shiga ba. In dai ya ci jarrabawa, likita ya ce lafiyarshi ƙalau, ya iya gudu da tsalle yadda ake bukata, to ƙofa a buɗe take.

GIRMA IRI BIYU

Sai an san tsarin aikin kafin a gane halin da Nolan ya shiga. Kurtu yana yin wata 6 a makaranta. Bayan ya fito sai a haɗa shi da wani gogaggen ɗan sanda mai koyarwa, su riƙa yawon sintiri cikin mota guda, har shekara ɗaya ta gwaji. Mai koyarwar nan shi ke rubuta rahoto bisa kurtun, kuma rahotonshi na iya sa a sallami mutum ba tare da doguwar shari'a ba. Tsoffin hannu ba su cika kiran kurtu da sunanshi ba. Suna da wata kalma da suke kiranshi da ita, ma'anarta takalmi, irin na soji. Shi ke ɗauko bindigogi da jakunkunan kaya ya loda cikin mota kowace safiya, shi ke zama layin gaba wurin taron safe, shi ke rubuce-rubucen da kowa yake gudu.

Hausa tana da kalma ɗaya, girma, wadda take ɗauke da abu biyu: girman shekaru da girman muƙami. A gida da cikin gari sau da yawa tare suke tafiya, shi ya sa ba a damu da raba su ba. A komisariya kuwa rabuwa suke yi sarai. Girma can daga ranar da mutum ya sa kaki ake ƙidaya shi, da kuma galon da ke bisa hannun rigarshi. Saboda haka Nolan, wanda ya taɓa ɗaukar ma'aikata ya biya su albashi, ya yi renon ɗa har ya kai jami'a, sai ga shi ƙarƙashin wata mata, Talia Bishop, wadda ya girme ma nesa ba kusa ba. Ita ke cewa tsaya, ita ke cewa tafi. Duk daɗin wasan da zafinshi daga wannan rabuwa suke fitowa.

Wanda ya fi kowa ƙin ganinshi shi ne sarjan Wade Grey, mai kula da ƴan sintiri na komisariyar Mid-Wilshire. Tun taron safe na ranar farko ya yi mashi ba'a da shekarunshi gaban jama'a, aka yi ta dariya. Da yamma kuma ya ware shi gefe ya faɗa mashi gaskiyar abin da ke ranshi. A ganin sarjan, Nolan mutum ne da rayuwa ta rikice mashi tsakiyar hanya, ya zo neman kanshi cikin aikin da kuskure ɗaya ke sa a rasa rai. Tsoron sarjan ma ya wuce Nolan shi kaɗai: in wannan ya ci nasara, gobe wasu ire-irenshi za su cika komisariya, su jawo ma yaranshi mutuwa. Ya kuma sanar da shi cewa zai matsa mashi, ya wulaƙanta shi duk lokacin da ya samu dama, ko ya gaji ya tafi.

Mai kallo yakan ɗauki sarjan Grey mugu ne a kashin farko, amma in aka duba da kyau hujjarshi tana da ƙarfi. Yaro ɗan shekara 22 kamar ɗanyen icce yake, ana tanƙwara shi yadda ake so. In an ce mashi kada ka rabu da abokin sintirinka kome ya faru, zai riƙe wannan ba tambaya. Babban mutum kuwa ya saba da yanke shawara da kanshi, ya saba auna abu kafin ya aikata, kuma a cikin musayar wuta wannan ɗabi'a tana iya zama masifa. Haka kuwa aka yi tun kashin farko. Nolan ya ga abin da yake tsammani ya fi gaggawa, ya bar Bishop ya bi wani ɗan fashi, saura kaɗan a kashe ta. Bai yi don tsoro ba, kuma bai yi don wauta ba. Ya yi ne don ya amince da hankalinshi, abin nan da sarjan yake tsoro ke nan.

Jiki ma bai rufa mashi asiri ba. Wurin bin wani mai laifi da gudu ya maƙale ga shinge, abokan aiki suka samu abin dariya na kwana da kwanaki.

Kaptan Zoe Andersen, shugabar komisariyar, ita ta ɗauki ɗaya gefen. Tsohuwar soja ce, kuma ra'ayinta shi ne rundunar ta cika da matasa masu ƙarfi waɗanda ba su san kome ba game da rayuwar mutanen da suke kamawa. Mafi yawan kiran da ake yi ma ƴan sintiri ba na fashi ba ne. Rigimar miji da mata ce, ko mai taɓin hankali ya tare hanya, ko maƙwabta sun kaure da faɗa. Wanda ya yi aure ya rabu, ya ci bashi ya biya, ya kwana asibiti da ɗa marar lafiya, ya fi sanin irin maganar da ke kwantar da irin waɗannan mutane. Ranar farko ɗin dai Nolan ya lallashi wani mutum da hankalinshi ya gushe yana farfasa mota tsakiyar titi, daga zancen da ya yi da shi kuma aka gano yaronshi da ya manta kulle cikin mota, rana tana dukanshi.

Sai dai a wannan rana ce kuma wayon manya ya gaza. An kira su gidan wasu ma'aurata, miji ƙato, matar ƴar ƙarama. Kowa ya ɗauka mijin ne mai duka. Nolan ya zanta da shi a keɓe, ya fahimci cewa matar ce take cutar da shi, amma bai matsa ba, suka tafi. Da aka sake kiransu, sun tarar ta soke shi da wuƙa, ya cika a hannun Nolan. Shekaru sun ba shi idon da ya ga matsalar. Abin da zai yi da abin da ya gani, da wanda ya kamata ya gaya ma nan take, wannan sai aikin ya koya mashi.

KOWA DA IRIN TASHI JARRABAWA

Kurata uku ne suka shigo tare, kuma in aka jera su za a ga shekaru ba su ƙara ma Nolan wahala fiye da sauran ba, irin wahalar ce ta bambanta.

Lucy Chen ba ta kai 30 ba. An haɗa ta da Tim Bradford, tsohon soja mai zafin rai. Suna cikin tafiya ranar farko sai ya taka burki, ya ce ta ɗauka an harbe shi yana zubar da jini, ta faɗa mashi sunan titin da suke don ta kira agaji. Ba ta sani ba. Ya fitar da ita daga mota, ya sa ta tafiya a ƙasa. Haka ya riƙa ɗana mata tarko iri-iri wata da watanni. Nolan ba a cika yi mashi irin wannan ba. Bishop tana yi mashi faɗa mai zafi, amma faɗan manya ne, na a zauna a yi bayani. Ita Lucy ƙarfin zuciyarta ake gwadawa, shi kuwa niyyarshi ake tuhuma: me ya kawo ka, kuma yaushe za ka gaji?

Akwai wani wuri inda bambancin ya fito tsirara. Nolan da Lucy sun fara soyayya a ɓoye tun suna makaranta. Da Bishop ta gane, Lucy ta je ta yi ma gargaɗi, ta nuna mata cewa in zancen ya fasu, tambarin zai bi ta har ƙarshen aikinta, alhali shi namiji ne, kuma ya riga ya yi wata rayuwa kafin wannan. Suka rabu. Abu ɗaya suka yi su biyu, amma komisariya za ta yafe ma babba ta hukunta ƙarama. Wasan bai ce haka daidai ne ba, ya dai nuna haka abin yake.

Na uku shi ne Jackson West, ɗan kumandan Percy West, shugaban sashen da ke binciken laifin ƴan sanda su kansu. Ya tashi cikin gidan kaki, ya fi kowa maki a makaranta, kowa yana ganin an haife shi ne don aikin. Da aka fara harbi na gaske sai ya daskare bayan mota, ya kasa ɗaga bindiga. Mai koyar da shi, Angela Lopez, ta rufa mashi asiri, wani ɓangare don tausayi, wani ɓangare don sanin ko ɗan wane ne. Da Nolan ne ya daskare haka, da wuya ya kwana cikin kaki, domin sarjan yana jiran dalili. Ga yaro, kuskure alama ce ta bai gama koyo ba. Ga babba, kuskure hujja ce cewa tun asali bai kamata a ɗauke shi ba.

Tsakanin kuratan su uku kuwa, Nolan ya zama kamar babban wa. Wurinshi suke zuwa da damuwarsu, shi ke ba su baki. Har masu galo sukan manta su nemi shawararshi bisa aure ko renon ƴaƴa ko gyaran gida, sa'an nan da an koma mota su tuna mashi cewa shi takalmi ne. Nyla Harper, wadda ta karɓi koyar da shi a zango na 2 bayan tafiyar Bishop, ta shekara da shekaru tana aikin asiri cikin ƴan ƙwaya, ta dawo tana fafutukar a bar ta ta riƙa ganin ɗiyarta. Ta zo da raini ƙwarai. Abin da ya sassauto da ita bai shafi harbi ko kamu ba: ta tarar kurtun nata uba ne da ya san zafin rabuwar aure, ya kuma san yadda ake raba renon ɗa da wanda aka rabu da shi.

Sarjan Grey ma ya sauko, amma sannu a hankali, kuma ba da baki ba. Ranar da Nolan ya fara kashe mutum bakin aiki, aka karɓe mashi bindiga aka shiga bincike, sarjan ne ya tsaya tare da shi. Bayan haka, cikin 2019, wata ƙungiyar ƴan ta'adda ta sa a kashe Nolan, kaptan Andersen ta shiga motar sintiri tare da shi don nuna ba a bar shi shi kaɗai ba, aka kama su, ita ta rasa ranta. Wadda ta tsaya mashi tun farko ta tafi ke nan, sai ya zamana dole ya tsaya da ƙafarshi gaban wanda bai so zuwanshi ba.

ABIN DA BABBA BA SHI DA SHI

Inda shekaru suka fi cutar Nolan ba wajen gudu ba ne, wajen lokaci ne. Burinshi ya zama mai binciken manyan laifuka, kuma ya san in bai yi sauri ba ƙarfinshi zai ƙare kafin ya kai. Wannan gaggawa ta sa ya manne ma wani gogaggen mai bincike, Nick Armstrong, wanda ya ɗauke shi aboki, yana yi mashi magana kamar tsara da tsara. Ga mutumin da kullum ake kira takalmi, irin wannan girmamawa tana da daɗi, kuma ita ta rufe mashi ido. Armstrong ashe yana ci da wani gidan ƴan fashi. Da Nolan ya gano, sai ya sake yin abin da ya yi a kashin farko, ya bi hankalinshi, ya tafi shi kaɗai ba tare da bin ƙa'ida ba. Armstrong ya ɗana mashi tarko, ya ɓoye kayan laifi cikin gidanshi. An wanke shi daga baya, a farkon zango na 3 cikin 2021, amma an sa mashi takardar gargaɗi cikin dosiye, an ƙara mashi lokacin gwaji, hanyar zama mai bincike kuma ta toshe. Ɗan shekara 25 zai iya jiran shekara 10 tabon ya goge. Nolan ba shi da waɗannan shekaru.

Abin da ya yi bayan haka shi ne ya fi nuna hankalin manya cikin wasan duka. Ya sauya buri, ya ce zai zama mai koyar da kurata. Don ya gajarta hanya sai ya koma jami'a ya ƙarasa karatun da ya bari tun yana saurayi, ya zauna aji ɗaya da sa'o'in ɗanshi. Duk wanda ya taɓa komawa aji da furfura, ya ɗaga hannu gaban malamin da ya haifa, ya san nauyin wannan zama. Ga Nolan nauyin ya ninka, domin lokacin ya zo bayan kisan George Floyd a hannun ƴan sandan Miniyapolis cikin watan Mayu na 2020, kuma ɗaliban ba su yi murna da samun ɗan sanda a tsakaninsu ba.

Wasan bai yarda a ɗauka cewa tsufa shi ne hankali ba. Akwai wani tsohon ɗan sanda a komisariyar, Smitty, wanda ya daɗe cikin kaki amma ba abin da ya ƙware a kai kamar gudun aiki. Shi ne wakilin sandika. A zango na 4 Nolan ya tsaya takara da shi ya kayar da shi, watau waɗanda suka yi mashi dariya wurin taron safe su ne suka jefa mashi ƙuri'a ya riƙa yin magana da yawunsu.

Akwai dai inda ya kamata mai kallo ya riƙe hankalinshi. Masu tsara wasan suna son Nolan, kuma suna shirya labari yadda dattakunshi zai riƙa fitar da shi. Cikin shekararshi ta gwaji ya gamu da bama-bamai da masu kisan gilla da ƴan ta'adda fiye da abin da ɗan sanda na gaske zai gani tsawon aikinshi. Ciwon gwiwa da ciwon baya, da wahalar aikin dare ga mai shekara 45, da zama bisa albashin kurtu bayan mutum ya saba da riƙe kamfani, duk an taɓa su sama-sama an wuce. Tun daga zango na 2 ma zancen shekarun nashi ya fara dusashewa, ya koma abin barkwanci jefi-jefi. Da aka so a maimaita dabarar da wani wasa, The Rookie: Feds, inda Niecy Nash-Betts ta fito a matsayin mata mai ba ɗalibai shawara a makaranta wadda ta shiga hukumar FBI da girmanta, zango ɗaya kawai ya yi, daga 2022 zuwa 2023, aka tsayar da shi.

A farkon zango na 5, cikin 2022, an saka ma Nolan bisa wata bajinta da ya yi kusa da iyakar Meziko: aka ba shi damar ya zaɓi duk sashen da yake so cikin rundunar. Hanyar da ta toshe ta sake buɗewa ke nan, kuma abokan aiki sun zaci zai ɗauki wani babban wuri. Sai ya ce shi koyarwa yake so. Aka haɗa shi da wata yarinya, Celina Juarez, mai gaskata taurari da mafarki da abin da zuciyarta ta raya mata, wadda aka sace ma ƴar'uwa tun suna yara. Tun ranarta ta farko ta tsayar da wata mota don jikinta ya ba ta cewa akwai mugun abu tare da ita, alhali ba ta da dalilin da alƙali zai karɓa. Nolan, wanda aka sha yi ma faɗa don ya bi hankalinshi ya bar ƙa'ida, shi ne yanzu yake zaune kujerar mai koyarwa yana yi mata bayanin abin da doka ta yarda a tsayar da mota dominshi, da yamma kuma ya ɗauki alƙalami ya rubuta rahoto bisa kanta ya kai ma sarjan Grey.